Takarda ta Bakwai da Ban Karanta Ba

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta, abokan sana'ata ba za su bar ni ba. Har gobe idan aka ji ƙaurin roba a wani shago cikin Tambuwal, sai wani ya leƙo ya ce, "Injiniya ya biyo ta nan ne?" Injiniyan nan ni ne. (Ba ni da digiri, difloma ce, ita ma da kyar na ƙwace ta. Amma da na dawo gida ni na fara kiran kaina da sunan, har na sa aka rubuta mini shi a allon shago da jan fenti. Yanzu da nake so a daina, sunan ya ƙi fita.)

Sana'armu haɗa sola ce da gyaran kwamfuta. Wanda ya san yankinmu ya san wutar gwamnati baƙuwa ce, idan ta zo ma ba ta zama a gaisa. Saboda haka daga Jabo har Kebbe, duk mai laftof, malamin makaranta ne ko mai shagon buga takardu, da akwatin sola yake aiki. Faranti a kan rufi, batir a cikin akwati, soket a jikin akwatin, nan ake cusa wayar caji. A da kowane mai haɗi yadda ya ga dama yake ɗaura wayoyinsa. Sai mutum ya sayi akwati a Dogon Daji, ya ari waya a Kebbe, ya haɗa, kwamfuta ta tafi lahira. Da abin ya ishi kowa, sai ƙungiyarmu ta zauna ta rubuta abin da muke kira Ƙa'ida ta Farko. Shafi ɗaya ce tak. Ta ce kowa ya yi amfani da fulogi mai ƙafa uku, jar waya mai kawo wuta a ƙafar dama, baƙa a ƙafar hagu, ƙarfin wutar kuma sha biyu. Ƙafa ta uku, wadda ke sama, takardar ba ta ce komai a kanta ba. Tun daga nan wayar kowa ta shiga akwatin kowa, aka huta.

Wanda ya jagoranci rubuta ta shi ne Baba Ummaru, dattijo daga Dogon Daji, wanda ya fara gyaran rediyo tun kafin a haife ni. Shi ne shugaban kwamitin ƙa'ida, kuma yana da tsarinsa da ba ya tsallakewa ko ana ruwan sama. Idan kana son a canza wani abu, ka rubuto. A buga, a raba wa kowane ɗan ƙungiya. A jira sati huɗu cur. Duk mai magana ya rubuto tasa, a tattara a ba ka, ka amsa kowace ɗaya a rubuce a ƙasanta. Ranar taro ka karanta su a gaban kowa. Sannan a yi gwaji, kuma gwajin da ƙwan fitila ake farawa, ba da kwamfutar mutane ba. Akwai wani buhu da yake yawo da shi a bayan babur, cike da tsofaffin wayoyi daga kowane gari, sai an gwada sabon abu da kowace ɗaya kafin a ɗaga hannu a amince.

Ni kuwa wannan tsari ciwon kai yake sa ni. Na sha gaya wa abokina Nasiru, wanda ke da shago a Jabo, cewa tsofaffin nan sun mayar da mu baya. Har na taɓa faɗa a fili cewa kamfanonin duniya masu ƙera ramukan jikin kwamfuta da haka suke aiki, da yanzu da fitilar kwai muke karatu. (Daga baya na bincika. Ashe su ma haka suke yi, ƙungiya suke da ita, takarda suke rabawa, su yi ta muhawara har shekaru kafin su taɓa ƙafar fulogi ɗaya. Baba Ummaru bai taɓa karanta labarinsu ba, amma ya riga ni sanin dalilinsu.)

To, sai zamani ya zo da matsala. Sababbin laftof da firintoci sun fi cin wuta, mutane suka fara neman akwati mai batir biyu, mai ƙarfin ashirin da huɗu. Dole a gyara ƙa'ida. Ina kan babur wata rana dabara ta faɗo mini, har na kusa hawa kan akuya. Na ce yo ga ƙafa ta uku nan zaune ba aikin komai! Me zai hana a ba ta wutar ashirin da huɗu? Soket ɗaya, wuta iri biyu. Mai tsohuwar waya ya ci gaba da shan sha biyunsa a ƙafar dama, mai sabuwa ya ɗauki tasa a sama. Ba a sayen sabon fulogi, ba a jefar da komai. Wallahi ranar har tausayin sauran 'yan ƙungiya na ji, shekara da shekaru suna kallon ƙafar nan ba wanda ya yi tunanin.

Na rubuta shafi uku har da zane mai launi. Aka raba. Na daure na jira satin huɗun nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sai ga ambulan ya iso da takardu goma sha ɗaya a ciki. Na buɗe ta farko, ta Nasiru ce, yabo tun daga sama har ƙasa. Ta biyu ma yabo ce. Kaina ya kumbura. A lokacin ana sharhin ƙwallo a rediyo, ƙungiyar da nake goyon baya kuma ana cin ta ɗaya. Sai na jera sauran taran a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta "An duba, babu matsala" a ƙasan kowace, na sa hannu, na mayar cikin ambulan. Ko layi ɗaya ban karanta ba. Ina faɗin wannan ne yau saboda ba sauran abin ɓoyewa.

Aka sa taron a Tambuwal, a wani ajin firamare da ake ara mana ranar Asabar. Na zo da sabon akwatina mai soket irin na dabarata, na goge shi har yana ɗaukar ido. Na sa farar shadda da hular da ba na sawa sai Juma'a. A bakin ƙofa na haɗu da Malama Balkisu tana saukowa daga kan kabu-kabu, rungume da laftof ɗinta a naɗe cikin zani.

Malama Balkisu ita ce sakatariyarmu, kuma ita kaɗai ce mace a ƙungiyar. Shagon buga takardu gare ta a Kebbe, amma firintar da ta gagari maza uku ita ake kai wa. Ba ta da yawan magana. Laftof ɗin nan tsohuwa ce, kusurwarta ɗaya ma a fashe, sai dai ita ce shagon gaba ɗaya. Kuma a wannan satin tana ɗauke da abin da ya fi ta daraja. Ɗalibai talatin da bakwai ne suka kawo mata takardunsu ta cike musu fom ɗin neman shiga manyan makarantu. Ta ɗauki hotunansu da hotunan sakamakonsu ta adana a ciki, su kuma suka koma da takardunsu na asali, wasu ƙauyuka masu nisa, wasu rugage da suka riga suka tashi da shanu. Ranar Alhamis za a rufe karɓar fom. Da kyar ta yarda ta bar aikin ta zo taron.

"Injiniya, ka ga takardata?" ta tambaye ni bayan mun gaisa.

"Na gani, Malama. An duba."

"To mi kac ce?"

"Babu matsala ko kaɗan."

Ta ƙura mini ido. "To, madalla. In ka samo mafita, na ji daɗi. Sai mu ji wurin taro."

Mai hankali a nan zai sha jinin jikinsa ya koma gefe ya buɗe ambulan. Ni kuwa gyara hula na yi na shige ciki.

Aka buɗe da addu'a. Aka karanta abin da aka tattauna a taron baya. Aka yi ta jan magana kan wani da ya yi wa wani kutse a aiki. Ina zaune ina karkaɗa ƙafa, akwatina na gabana a lulluɓe da tawul kamar ƙwaryar fura. Ba a zo kan maganata ba sai ga kiran azahar. Baba Ummaru ya ce a tashi, idan an dawo a fara da karanta takardu, sannan ƙwai, sannan buhu.

Mu matasa muka riga kowa dawowa daga masallaci. Malama Balkisu ta shiga wani gida a makwabta yin tata sallar, ba ta dawo ba. Laftof ɗinta na kan teburin sakatariya a buɗe, wayar cajinta a naɗe kusa da ita, mai fulogi baƙi da ɗaurin shuɗin tef irin na mutanen Kebbe. Sai kwamfutar ta yi ƙara, alamar batir ya kusa ƙarewa.

Nasiru ya zungure ni. "Injiniya, ga dama ta samu. Ceto za ka yi. Nuna musu aiki."

Ba laifinsa ba ne, ni ma abin da ke raina ke nan. Na yaye tawul. Mutane suka taru. Na fara jawabi, na ce tsohuwar waya ce wannan, ga kuma sabon soket, yanzu kowa zai gani da idonsa cewa ƙa'idata ba ta ƙin kowa. Ina cikin warware wayar sai ga Baba Ummaru ya shigo da carbinsa a hannu. Ya dubi akwatin, ya dubi wayar, ya dube ni.

"Yaro," ya ce, "ƙwai tukuna."

Allah ya yafe mini abin da na faɗa. Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko, na ce, "Baba, ai ƙwai na 'yan koyo ne."

Na cusa fulogi.

Ƙarar ba ta da girma. Ɗas! Kamar an taka gyaɗa. Sai allon kwamfutar ya yi baƙi. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta gefenta, a hankali, ba gaggawa, kamar shi ma yana so kowa ya gan shi. Ƙauri ya cika ajin. Wani ya ce, "Innalillahi!" Nasiru, wanda ke manne da kafaɗata tun ɗazu, na waiwaya na gan shi can bayan aji yana duba wayarsa.

A daidai lokacin Malama Balkisu ta tsaya a bakin ƙofa, dardumarta a hannu.

Gumi ya karyo mini tun daga ƙarƙashin hula har cikin takalmi. Hannuna na kan fulogin amma na kasa zare shi. Baba Ummaru ne ya matso ya ture ni gefe da gwiwar hannu, ya zare, ya cire kan batir. Ya ciro sukudireba daga aljihu ya kwance fulogin, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. A ciki akwai wata 'yar guntuwar waya, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta haɗe ƙafar sama da ƙafar dama. Wutar ashirin da huɗun da na sa a sama ta bi ta wannan guntuwa ta sauko, ta wuce kai tsaye cikin kwamfutar da sha biyu take jira.

Ni ban taɓa ganin irin wannan haɗi ba. Bakina ya riga hankalina, na ce, "To ai wannan ba ya cikin ƙa'ida! Wa ya san da shi?"

Baba Ummaru bai ɗaga murya ba. "Ina ambulan ɗinka?"

Na miƙa.

"A'a, riƙe abinka. Fiddo ta bakwai ka karanta muna. Da ƙarfi, kunnuwana sun tsufa."

Na ƙirga har bakwai. Rubutun hannun Malama Balkisu ne, a tsaye, a tsabtace. Na karanta, kuma har yau ina iya kawo ta da ka:

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. Amma don Allah kada a sa wuta a ƙafar sama. Mu nan Kebbe hanyoyinmu ba su da kyau, akwatunanmu kan babur suke yawo, na makiyaya ma har kan jaki. Girgiza tana sa ƙafar dama ta yi sako-sako, caji ya riƙa yankewa. Shi ya sa tun da daɗewa muke haɗe ta da ta sama, a fulogi da soket duka, idan ɗaya ta saki ɗaya ta riƙe. Duk wayar da aka haɗa a Kebbe haka take, har da tawa. Idan aka cusa ta a soket ɗinka, kwamfutar za ta ƙone."

Na tsaya.

"Akwai saura," in ji Baba. "Na ƙasa. Wanda kar rubuta."

"Baba..."

"Karanta."

Na karanta. "An duba, babu matsala."

Wani mutumin Jabo ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito masa ta hanci. Shi ke nan, ajin ya ɓarke. Na so ƙasa ta tsage in shige da shaddata da hulata. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya juya ya ga Malama Balkisu. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta zo ta zauna a kujerarta, ta ɗora tafin hannu a kan murfin kwamfutar, ta ce a hankali, "Talatin da bakwai, Injiniya. Wasu shekara guda sunka yi suna jiran wanga fom."

Wannan ta fi dariyar ciwo nesa ba kusa ba. Tun da nake ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Abin da Baba Ummaru ya yi daga nan shi ne dalilin da ya sa har in mutu ba zan ƙara yi wa dattijon nan kallon tsohon yayi ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ya nemi izinin Malama, ya kifa kwamfutar, ya fara kwance ta. Duk ƙusar da ya cire sai ya ajiye ta a kan ƙyallen daidai gurbin da take a jikin kwamfutar, har ƙyallen ya zama taswira. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗora mitar gwada wuta nan, ya ɗora can. Malama na gefensa tana riƙe masa murfi, suna magana ƙasa-ƙasa kamar likitoci biyu. Ni ina tsaye a jikin allo kamar ɗalibin da aka hana zama.

Can ya ɗago. "Mashigar wuta ta ƙone, wanga ba aikin yau ba na, sai an samo kaya Sakkwato. Amma ma'ajiya ban ga wuta ta kai gare ta ba. Wa ad da laftof nan?"

Kowa ya san wa ke da ita. Sabuwa dal, wadda nake zuwa da ita taro don a gani. Na ciro ta daga jaka da hannu biyu. Baba ya zare ma'ajiyar tsohuwar, wato ɗan abin da komai ke adane a ciki, ya haɗa da tawa ta wata waya da ya zaro daga aljihun babbar rigarsa. Muka zuba ido. Minti ɗaya ya wuce ba komai. Na fara karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Sai ga jerin sunaye ya fito a allo. Malama ta karɓa ta buɗe ɗaya, hoton wata yarinya ya bayyana. Ta buɗe na biyu. Ta bi su duka tana ƙirgawa da leɓe, sannan ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni kuwa na zauna a bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyina har kusa da haɓa.

Na ɗauka taro ya tashi ke nan, kuma ni ma na tashi daga ƙungiya. Ina! Baba ya naɗe ƙyallensa ya ce a koma kan magana, matsalar ashirin da huɗu tana nan ba ta ƙone ba. Ya sa na karanta sauran takardun duka, ɗaya bayan ɗaya, kowace da "An duba, babu matsala" ɗinta a ƙasa. Uku daga ciki maganar Malama suka maimaita. Sai ita Malama Balkisu, wadda kwamfutarta ke kwance a gabanta ciki a buɗe, ta ɗaga hannu.

"Tunanin Injiniya na da kyau," ta ce. "Gaskiya yaf faɗi, muna bukatar wutag ga. Wurin da yas sa ta ne ba daidai ba. Abin da nika gani, a nemo ma ashirin da fuɗu fulogi nata daban, wanda ko da guduma ba shi shiga tsohon soket. Kuma haɗin da muka yi Kebbe a rubuta shi cikin ƙa'ida, kowa shi sani. Laifinmu na da munka bar shi ga baki."

Kun ji fa. Ni na ƙona mata kwamfuta, ita kuma tana neman kason laifinta a ciki. Aka amince a rubuta shawararta a raba. Sati nawa za a jira? Huɗu. A karo na farko ban ji sun yi mini yawa ba.

Da aka yi addu'ar tashi, na lallaɓa wurinta na ce ta tafi da laftof ɗina har a gyara tata. Ina jin kaina kamar na yi abin kirki. Baba Ummaru na ɗaure buhunsa, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Da mai ita za a tafi. Ta yi asarar yini guda, kuma ba ta saba da taka ba. Hannu fuɗu sun fi sauri."

Washegari da safe na kama hanyar Kebbe a kan babur. Kafin in isa na fahimci takarda ta bakwai da jikina, don ni kaina ƙusoshina sun yi sako-sako. Kwana huɗu na yi a garin, ina kwana wurin wani ɗan ƙungiya, ina yini a shagon Malama. Ni ke cike fom, ita ke dubawa. Duk wanda na gama sai ta sa na karanta mata shi da baki, suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, lambar jarrabawa, tana bi da yatsa a hoton takardar asali. Sau biyar ta kama ni da kuskure. Ba ta taɓa cewa komai ba sai, "Sake duba." Idan sabis ɗin intanet ya ɗauke mu jira, idan ya dawo mu ruga. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar Asabar ba, ni kuwa kullum jira nake ta tayar in samu in ba da haƙuri yadda ya kamata. Duk lokacin da na buɗe baki sai ta miƙo mini suna na gaba.

Ranar Alhamis bayan la'asar saura fom ɗaya, na wata yarinya mai son karatun aikin jinya. Mahaifinta, wani dattijo makiyayi, tun hantsi yake zaune a benci a ƙofar shago, sandarsa a kan cinya. Tafiyar rabin yini ya yi don kawai ya ji an tura. Sabis ya yi ta wasa da mu, abin yana juyawa yana tsayawa. Sau uku yana dawo mana da shi. A na huɗu ya wuce. Malama ta buga takardar shaida ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta ya sa cikin hula, duk da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a jikinta.

Sai ya juyo gare ni. Ashe ya ji labari a gari cewa wani injiniya ya rufe shagonsa a Tambuwal ya zo taimako. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Kai ne baƙon? Ka baro aikinka, ka biyo wagga muguwar hanya saboda ɗiyanmu. Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba mu irinka da yawa."

Irina da yawa! Na dubi Malama Balkisu ina roƙonta da ido ta faɗa masa gaskiya, ko ta yi dariya, ko ta yi tsaki, komai dai. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana jera takardu ta ce, "Amin."

Ƙa'ida ta Biyu ta fito bayan wata biyu, da fulogin da Malama ta kawo shawara. Kwamfutarta ma ta tashi a hannun Baba Ummaru, tana nan tana aiki. Ni kuma na koyi karatu a karo na biyu. Yanzu ko takardar gayyatar suna aka miƙo mini sai na karanta ta har ƙasa, in juya bayanta in duba. Na kuma koyi cewa idan za ka yi wa mutum laifi, ka roƙi Allah ya haɗa ka da mai faɗa. Da zagina Malama Balkisu ta yi ranar, da tuni na warke. Amin ɗin nan kuwa har yau ban gama jinyarsa ba.